Bututun da Magini Ya Binne

Kai Sallau, rufe mini baki. Da gemunka, da 'ya'ya uku a tsakar gida, kake tambayata ko ka fasa shadda ka haɗa ta da kwatar waje? Wai don maƙwabta sun yi. Ko kunyar fitar da maganar ba ka ji ba? Ni ban taka ƙofar boko ba, amma ba jikan da zai koya mini halin ruwa. Zauna ka ji.

An yi wani magini, gwani ne, ba a raina masa hannu. Shaddar gidansa ta cika, ya ga kiran masu yashewa wahala ne. Sai ya haƙa ƙarƙashin katanga, ya binne bututu daga shadda zuwa kwatar unguwa, ya toshe bakinsa da tsumma. Ya gina dakali a kan kwatar ya rufe wurin, ya shafe shi da siminti sumul. Da damina, hadari na haɗuwa sai ka gan shi yana leƙen gabas yana murmushi. Ruwa na sauka ya zura hannu ya zare tsumman, ƙazantar gidansa ta tafi wa mutanen gangare. Duba-gari ya zo, ya sunsuna, ya zagaya, bai ga komai ba. Da hukuma ta turo ma'aikata su faɗaɗa kwatar, suka shafa wa dakalin jan fenti, alamar za a rushe. Magini ya tattaro dattawan layi ya zaunar a kai, ya ce nan ne wurin hutawarsu, a ji kunyar furfura. Ma'aikata suka ji kunya. Suka faɗaɗa sama, suka faɗaɗa ƙasa, suka bar wurinsa matsattse kamar maƙogwaron kaza.

Wata Laraba cikin marka, bayan azahar, sama ta ɓalle. Magini ya zare tsumma yadda ya saba. Ruwan sabuwar kwata ya taho da ƙarfi, ɗauke da ledoji da tsohuwar katifa, duk suka cushe ƙarƙashin dakalin. Ruwa kuwa ba ya tsayawa sallama. Ya nemi hanya, ya tarar da bututu a buɗe. Kyankyasai ne suka fara fitowa daga shaddar, da rana tsaka, suna hawa bango baƙi ƙirin. Sai ɓeraye. Sai wani ƙara daga cikin ramin, kamar kakarin mai barin duniya. Sannan baƙin ruwa ya bulbulo, ƙazantar unguwa duka, har ƙwauri. Matarsa ta jefa yara kan gado tana salati, tana kallo ruwan ya haura bakin rijiya ya zuba ciki. Da ruwan ya janye ta ce a kira duba-gari ya sa wa rijiyar magani. Magini ya hana, don in ya shigo zai ga bututu. Kwana uku ruwan rijiya ya kwanta garau, suka sha. Autarsu ta tashi da amai da gudawa da safe. Kafin la'asar idanunta sun faɗa, in ka ja fatarta ba ta komawa. A kan babur, a hanyar asibiti, wuyanta ya saki. Ba wanda ya sa shi, da kansa ya ɗauki guduma ya rushe dakalin, yana dukan siminti yana kiran sunanta.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Gobe da sassafe ka nemo masu yashewa, kada in sake jin zancen. Ku kuma masu zare ido a bayan ƙyaure, na gan ku. Ku wanke hannu da sabulu, kowa ya hau tabarmarsa ya kwanta.