Ranar da Na Zama Kwarangwal ɗin Aji

Shekarar da fari ya ƙone mana gero tun bai fid da kai ba, ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu, can gefen Kunci. Wata rana dab da tashi, Malam Sule ya warware hoton kwarangwal zai koya mana ƙasusuwan jiki, sai ya tarar gara ta riga mu karatu. Ƙafa ɗaya kawai ta bari.

Ya ƙare wa ajin kallo, ya ce, "Kai, ɗan gidan Tanko, tuɓe rigarka ka hau benci."

Na hau. Ya ɗauki sillen kara ya ƙwanƙwasa kaina da aka aske ƙwal. "Wannan shi ne ƙoƙon kai. Kun ji ƙararsa? Ba kowa a ciki." Aji ya kwashe da dariya. Ya bi muƙamuƙi, ya juya ni ya nuna allon kafaɗa da ƙashin baya, sannan ya sa aka ƙirga haƙarƙarina da ƙarfi. Har 'yan layin baya ba wanda ya yi kuskure.

Da aka tashi, na sa rigata ina rantsuwa ba ni ba boko har abada. Malam ya kira ni, ya zaro dafaffen rogo daga aljihu, nannaɗe a takarda.

"Ungo ladan kwarangwal. Amma kada ka kuskura ka yi ƙiba kafin jarrabawa."

Na cinye a bayan aji, har da jijiyar. Sai da na yi furfura na tuna hannun da ya miƙo min rogon nan. Ƙasusuwansa sun fi nawa fitowa.