Babanka Yana Shago

A filin ƙwallon bayan kasuwar Assihar, Baba ya hana ni ce masa Baba, sai dai "antirena", wato mai horarwa. Shi ma tsohon ɗan wasa ne, tsananinsa kuwa daga wani kocin Sikotland ya kwaso a tele.

Wata la'asar ana kunnen doki muka samu fenareti. Na rungume ƙwallo, na ɗaga murya, "Baba, in buga?"

Ya zare usur daga bakinsa a hankali.

"Fita," ya ce. "Babanka yana shago."

Yanzu ya tsufa, idanunsa sun daina gani. In na shiga ɗakinsa na ce "Antirena," sai ya lalubo hannuna ya riƙe gam.

"Kai, ce Baba mana."