Kube na Hannun Hagu

Nilsa na goge gilashin kantar shago lokacin da ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Ta ɗaga kai, sai tsumman ya tsaya cak a hannunta.

Wata matashiya ce ta shigo, ba za ta haura ashirin da takwas ba, cikin doguwar riga ruwan ƙwai. Matan garin Arecibo sun fi son shagon bindigogin Don Wilfredo saboda mace ce ke tsayawa a kanta, ba wanda zai yi musu dariya ko ya kai hannu ƙugunsu da sunan awo.

"Barka da rana, Doña. Sunana Yaritza. Jiya lasisina ya fito, amma gaskiya ban san ta inda ake farawa ba."

"Daga hannu ake farawa, 'yar nan. Miƙo."

Hannun sumul yake, ba kanta ba tabo, da siririn zoben aure wanda ko ƙarzuwa bai yi ba tukuna. Nilsa ta daɗe tana kallon zoben kafin ta saki.

Ta shimfiɗa ƙyalle, ta jera ƙananan bindigogi uku, ta buɗe kowace ta nuna mata babu harsashi. Yaritza ta kai hannu kan mafi ƙanƙanta.

"Duk ita kuke fara ɗauka, don ta yi kama da abin ado. Ita ce kuma ta fi dukan hannu in an harba. Sau biyu za ki gwada ki tsane ta. Riƙe ta tsakiyar."

Ta tsakiyar ta zauna daram. Ɗan ƙaramin yatsanta ya sami wuri a mariƙi, manunin ya kai kunama ba tare da miƙa ba. Komai sai ya dace da ita, Nilsa ta raya a ranta. Akwai matan da haka Allah ya yi su.

"A jaka zan riƙa sa ta."

"Jakar da za ki jefa kan kujerar gefe da kin shiga mota? A jikinki za ta zauna. Kuma wandon aiki mai roba ba ya riƙe bel, don haka manta da kuben fata."

Ta juya ta ciro wata ɗamara mai faɗi, irin wadda ake ɗaurawa ƙarƙashin riga, da kube mai tauri da ke rufe kunama ruf.

Yaritza ta jujjuya shi ta yi dariya. "Na hagu ne! Ya aka yi kika san ni bahaguwa ce?"

"Shekara goma na yi ina gadi kafin in zo nan. Hannu nake fara kallo."

Ta ɗauko tef ta zagaya ƙugun. Ta karanta lambar. Ita ma ƙugunta ya taɓa zama haka, kafin shekaru arba'in da bakwai su zauna mata.

"Wa kike tsoro?" ta tambaya, idonta a kan tef.

Dariyar ta ɗauke. Wata biyu ke nan, in ji Yaritza, wani yana bin ta cikin baƙar mota mai duhun gilashi. Ƙofar asibitin haƙorin da take aiki, gaban gidan burodi, har bakin coci ranar Lahadi. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. 'Yan sanda sun ce ta kawo lambar mota, shi kuwa kullum nesa yake tsayawa.

"Mijinki fa?"

"Efraín bai sani ba. Hawan jini gare shi, kuma kin san maza. Mutumin da ko kwandon wanki ba ya bari in ɗauka? Da safe shi ke kawo min kofi har gado, yana waƙa da muryar nan tasa kamar ƙofa mai tsatsa."

Nilsa ta ja ɗamarar fiye da yadda ya kamata.

"Wayyo, Doña, a hankali! Dama ina so in tambaye ki." Ta dafa cikinta, ta sassauta murya. "Nan da wata uku wannan ba za ta zagaye ni ba. Me zan koma sawa?"

Wannan kam Nilsa ba ta sani ba.

Ta kwance ɗamarar, ta naɗe ta a tsanake, ta mayar. Ta ɗauko wani kuben mai maɗauri a kafaɗa, wanda ke kwantawa ƙarƙashin hammata, nesa da cikin. Ta gyara mata shi da kanta, ta sa ta zauna, ta tashi, ta sunkuya, ta ɗaga hannu gaban madubi. Ko alama bai nuna ba. Ta rubuta mata ranakun koyon harbi, ta ce kada ta kuskura ta fita da bindigar sai ta halarta, kuma ta tambayi likitanta tukuna saboda ƙara da hayaƙi.

"In ya fito daga motar ya nufo ni fa?"

"Ba zai fito ba. Irinsu kallo kawai suke yi, kallon ne ke cin su."

Da aka gama cike takardu, Yaritza ta zagayo bayan kantar ta rungume Nilsa. "Allah ya saka miki, Doña. Kamar uwa kika yi min."

Nilsa ta tsaya ƙiƙam har aka sake ta.

Ta gilashin ƙofa ta ga yarinyar ta duba dama, ta duba hagu, ta sake dubawa, sannan ta shiga motarta da sauri ta kulle. Hannun Nilsa ya riga ya shiga aljihu ya damƙe makulli, don tata baƙar motar tana nan bayan shago. Ta tsaya haka har fitilar mahaɗa ta ba da hannu, sannan ta zaro hannun wayam. Karo na farko cikin wata biyu, ta bar matar tsohon mijinta ta tafi ba tare da ta bi bayanta ba.