Furotin a Albasar Bodinga

"Sake aunawa!" in ji Tukur, yana leƙen na'urar da ke gane furotin ta nauyin ƙwayoyinsa. "Furotin irin na jikin mutum a cikin albasar Bodinga? Wanga abu duniya ba ta taɓa gani ba!"

Zahra'u, abokiyar bincikensa, ta sake. Sakamakon bai canza ba.

Nan da nan labari ya kai garinsu, Sifawa. Kawunsa ya kayar da rago. Manoma suka fara ce masa Farfesa, shi kuwa bai ga dalilin gyara musu ba.

Washegari Zahra'u ta tare shi. "Kwalaben da na haɗa babu komi. Naka kuwa, ko ruwa zalla ne, sai furotin ya fito."

Tukur ya sunkuya kan buɗaɗɗiyar kwalba, ya ture hula ƙeya, ya shiga susar kai kamar yadda ya saba in tunani ya cushe. Farin gari ya dinga zuba ciki.

"Allah shi ƙara basira, Farfesa," ta ce. "Ka gano amosanin kanka. Saura ka gaya ma Kawu abin da ya kashe ragonai."