Dutsen Da Aka Wanke

Kwana tara ke nan wata magana na ci mini rai, ko abinci na sa a baki sai in ji kamar ƙasa. Ban yi zurfi a karatu ba, kuma bakina ba zai iya faɗinta kai tsaye ba. Bari in ba ku ita a misali.

Wani mutum ne ya je aiki can bakin teku, ya dawo da sha'awar kiwon kifin ruwan gishiri. Ba don ci ba, don kallo. Ya kafa akwatin gilashi a falonsa, tsawonsa ya kai tabarmar salla. Ya tace ruwa, ya dama masa wani gishiri na musamman, yana ɗiga shi a ma'auni yana dubawa kamar mai awon zinariya. Ya sa famfon da ke kaɗa ruwan don kada ya kwanta, da fitila shuɗiya a sama, da wata na'ura mai tara kumfar datti a kofi. Ya haɗa su duka da sola saboda ɗaukewar wuta. Daga nan ya jera wasu duwatsu masu ramuka da aka kawo masa a jiƙe, ya ce masu rai ne. Sai kuma ya zauna jira. Mako shida ba kifi ko ɗaya. Abokansa in sun zo sai dariya: "Alhaji, yau duwatsun sun ci abinci kuwa?" Shi dai murmushi. Sai da duwatsun suka yi dabbare-dabbare, ga ruwan ƙasa ga shunayya, sannan ya saki kifi biyu masu launin lemo da ratsin fari. Ya dasa murjani. Murjanin nan da mata ke ratayawa a wuya, ashe da ransa buɗewa yake kamar fure.

To mutumin yana da uwa. Tun da mijinta ya rasu ya ɗauko ta daga garinsu, ya ba ta ɗaki mai sanyi, ya ce ta huta. Wanki inji ke yi. Girki matarsa ke yi. Tsohuwar da ta shekara talatin ba ta bar gansakuka ta kwana a randarta ba, yanzu hannuwanta na kan cinya daga safe har yamma. Kullum tana kallon duwatsun nan tana cewa a ranta: yaron nan ya yi wahala, amma ba wanda ya koya masa wanke mazubin ruwa.

Ran nan tafiyar kwana biyu ta kama shi da matarsa. Ya nuna wa uwar ɗan cokalin abincin kifi, ya ce, "Umma, wannan kaɗai, sau ɗaya a rana." Suna fita ta ɗaura zani. Ta tsamo duwatsun ɗaya bayan ɗaya, suna ƙarni. Ta kai su bakin famfo, ta sa sabulu da soson ƙarfe, ta dirje har cikin ramukan. Wasu ƙananan halittu suna fitowa da gudu, tana murƙushe su tana tsaki. Ta shanya duwatsun a rana suka yi fari tas kamar alli. Ta mayar, ta jera su ma fiye da yadda ta same su. Rabon da ta ji daɗin jikinta irin na ranar, tun tana gidan mijinta.

Washegari ruwa ya yi hazo. Murjani ya tsuke, ya fara saɓulewa. Kifin nan biyu suka hau sama suna haki. Ta ƙara musu abinci, a zatonta yunwa ce. Kafin ɗanta ya dawo sun kife.

Ya daɗe a tsaye gaban gilashin, jakarsa a hannu. Ya ce, "Umma, dattin nan shi ke riƙe da ransu. Shi na jira mako shida." Sai ya haɗiye sauran, ya ce, "Ba komai. Kwanansu ne ya ƙare."

Da ya yi faɗa da ya fi. Da yamma ta ji shi ta bayan labule yana ce wa matarsa a hankali, "Don Allah a daina barin Umma ita kaɗai a falo."

Ba sai na ɓoye ba, kun riga kun gane. Ɗan farina ne, shi ya sa ban kama sunansa ba. Tsagar da soson ƙarfe ya yi mini a yatsa har yau ba ta rufe ba. Ya sake kawo wasu duwatsun, ya sake zaman jira. Yana gaishe ni da safe yadda ya saba, ba abin da ya rage mini. Amma ko tsintsiya na taɓa, sai surukata ta taso da sauri: "Umma, kawo, ki huta." In na shiga falo, sai ta ɗauko wayarta ta biyo ni ta zauna. Ni da na yi gadinsa kada ya faɗa wuta yana rarrafe, yau ni ake gadi.

Ku da kuka fi ni sani, ku faɗa mini. In tattara kayana in koma garinmu, inda randata ke jirana, ko in zauna in naɗe hannu har ranar da za a ɗauke ni? Ni dai so na yi ya dawo ya ce sannu da aiki. Ashe gaskiyar mutanen da ne: garin neman gira an rasa ido.