Tsohuwar Bagadaza a Arfa

Tukunyar gas ta fashe a bayan tantin girki a Arfa, kowa ya ranta a na kare. Mai dafa wa alhazai shinkafa, wata Bahaushiya mazauniyar unguwar Tandabawi a nan ƙasa mai tsarki, ta yanke jiki ta faɗi, wuta na cin gefen abayarta. Cikin hayaƙin mutum ɗaya ta hango yana nufo ta: wata tsohuwa daga tantin 'yan Shi'ar Iraƙi, waɗanda tun safe abokan aikin mai girkin ke miƙa wa abinci ba ko sallama.

Tsohuwar ta lulluɓe ta da bargo, ta kashe sauran wutar da tafukanta, ta ja ta waje. Ko gezau tsohuwar ba ta yi ba.

"Ya hajja, ke likita ce?" Bahaushiyar ta tambaye ta da Larabci, bayan numfashinta ya dawo.

"Burodi nake gasawa a Bagadaza, 'yata. A unguwarmu akan ajiye mota mai bam a bakin kasuwa, ta tashi da mutane, don kawai mu ne. Ranar da ta farko ta tashi, gudu na yi kamar kowa. Ashe autata na cikin kasuwar da sauran ranta. An ce ta daɗe tana kirana."

Ta gyara mata mayafi.

"Tun ranar, duk inda na ji ƙara, can nake nufa."

Sai ta juya ta fuskanci alƙibla, ta ɗaga tafukan nan da suka saluɓe, ta ci gaba da addu'arta daga inda ta tsaya.