Jirgin da Ba Ya Tashi Sai Ya Cika

Tunda ka ce sabuwar sana'a za ka shiga, ɗan dakata in ba ka wani misali, ka yi guzuri da shi.

An yi wani mai motocin haya wanda tasha ce ta raine shi. Daga yaron mota ya fara, ya zama direba, Allah Ya buɗa masa har ya tara motoci masu zuwa Kudu. Mutumin kirki ne, wallahi, ba a taɓa jin ya yar da fasinja a hanya ba. Sai dai akwai dokar tasha guda da ta shiga jininsa tun yana rataye a bayan mota: ba a tashi sai an cika. Ganin kujera babu kowa a kanta kaɗai ya isa ya hana shi cin abinci. Da girma ya zo, sai zuciya ta raya masa harkar jirgin sama. Ya sayar da motocin nan kaf, har da filin garejinsa, ya sayo jirage biyu, ya ɗauki matuƙa da injiniyoyi, ya ɗora manaja masanin harkar. Duk abin da ya tara tun ƙuruciya ya zuba a ciki, in kamfanin ya durƙushe ba shi da tudun dafawa.

Da farko abin gwanin sha'awa. Jirgi ya tashi da safe a kan lokaci zuwa Ikko, 'yan kasuwa su je su fiddo kayansu daga tashar jiragen ruwa, masu ganin likita su gan shi, da yamma kowa ya dawo cikin iyalinsa. Rannan sai mai kamfani ya zo filin jirgi duba dukiyarsa, ya leƙa ana shirin rufe ƙofa, ya hangi kujerun baya wayam. Haba! Ai sai tsohon ɗan tasha ya motsa, ya ce a ɗan jira. Manaja ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, mu nan ba kujera muke sayarwa ba, lokaci muke sayarwa." Ya yi dariya ya ce, "Yaro man kaza! Ina lodi tun ba a haife ka ba." Abin takaicin shi ne, ran nan dabarar ta ci. Makararru suka yi ta shigowa da gudu suna haki, jirgi ya cika maƙil, suna ta sa masa albarka. Daɗi ya kama shi, ya ce ashe sama da ƙasa duk kanwar ja ce. Daga nan abin ya zama ɗabi'a. Ko aboki ne ya bugo waya ya ce ga shi nan a hanya, sai a jira shi, don bawan Allahn nan ba ya iya cewa a'a.

To amma jirgi ba mota ba ne. In ya makara da safe, sai ya tarar an ba wani layinsa na sauka, ya yi ta shawagi yana ƙona mai. Makarar safe ta haifi ta rana, ta rana ta haifi ta yamma. Matuƙa kuwa doka ta ƙayyade musu awannin aiki, in sun cika dole su ajiye, sai a soke tashin ƙarshe a bar mutane da jakunkuna a garin da ba nasu ba. Masu zuwa da wuri, waɗanda ke da alƙawari a gabansu, suka gaji da zaman jiran wanda bai fito daga wanka ba. Ba su yi faɗa da kowa ba, suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wani kamfani, duk da ya fi tsada. Waɗanda suka rage kuwa sun gane jirgin Alhaji ba ya barin kowa, to saurin me ake? Suka ƙara miƙe ƙafa a gida. Kujeru suka ƙara zama wayam, jira ya ƙara tsawo, shi kuma yana ganin maganin jira shi ne a ƙara jira.

Sai da ya ga wata 'yar kasuwa da ta yi shekara da shekaru tana shiga motocinsa ta bi layin abokan hamayya, tana kau da kai don kunyarsa, sannan jikinsa ya yi sanyi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya kira manaja ya ba shi haƙuri, ya ce daga gobe ko uban wa ake jira, lokaci na yi a rufe ƙofa. Kashegari aka rufe a kan lokaci. Masu zuwa da wuri sun daɗe da barinsa, makararrun da ya saba wa jira ko ƙofar filin ba su iso ba. Yana tsaye yana kallo jirginsa ya lula sama, ma'aikatan ciki sun fi fasinjoji yawa. Can sai ga mutanensa suna isowa a natse, da suka ji an tashi suka yi masa caa, wai ya ci amanarsu, suka rantse ba su ƙara shiga jirginsa. Hawaye ya cika masa ido, don ya san shi ya koya musu. Damina ba ta zagayo ba aka rufe kamfanin, ga shi babu mota ko ɗaya da zai koma wa.

Ni dai tausayinsa nake ji, don ba mugunta ce ta kai shi ba. Kujerun baya ya tsaya nema har na gaba suka watse. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.